Wasiƙa zuwa ga ɗana a Alƙahira

Assalamu alaikum, Abba.

Bayan gaisuwa da fatan alheri, muna nan lafiya, Ummanka da ƙannenka duk suna gaishe ka. Ƙanwarka ce ta nuna mini abin da ka rubuta a Facebook daren Juma'a, inda ka ce abin da ke faruwa a Gaza yaƙin Musulmi da Yahudu ne tun fil'azal, shi ke nan. Ban ga laifin zafin zuciyarka ba. Duk wanda ya ga gawarwakin yaran nan bai ji komai ba, to ya binciki imaninsa. Wannan "shi ke nan" ɗin ce ta hana ni barci.

Ina ɗan shekara goma a 1967. Kakanka, Allah ya jiƙansa, yana da hoton shugaban Masar Jamal Abdul Nasir a zaure da rediyo mai batir da yake kamo Alƙahira. Da yaƙi ya ɓarke a watan Yuni, rediyon ya yi ta shelar nasara, dattawa suna kabbara. Cikin kwana shida sai ga Sina'i da Gaza da Gaɓar Yamma da Gabashin Ƙudus da tuddan Golan duk a hannun Isra'ila. Kakanka ya ɗauki Nasir a matsayin takobin Musulunci. Bai san cewa a watan Agustan 1966 gwamnatin wannan Nasir ɗin ta rataye Sayyid Ƙuɗub, jigo a ƙungiyar 'Yan'uwa Musulmi (Ikhwan), ba.

Abin da Nasir yake kira a kai kishin Larabci ne, wanda za ka ji suna ce wa ƙaumiyya: harshe ɗaya, tarihi ɗaya, ƙasa ɗaya. A wannan lissafin, kai Bahaushe mahaddaci kana waje, Balarabe Kirista yana ciki. Mishel Aflaƙ, jigon jam'iyyar Ba'as da aka ƙaddamar a Dimashƙa a 1947, gidan Kiristoci ya tashi. Joj Habash, wanda ya kafa ɗaya daga cikin ƙungiyoyin Falasɗinawa mafi zafi, shi ma haka. Su kuwa Ikhwan, tun da Hasanul Banna ya kafa su a Isma'iliyya a 1928, al'ummar Musulmi suke kira. Ka tambayi kowane ɗalibi ɗan Siriya abin da shugabansu Hafiz Asad na Ba'as ya yi wa garin Hama a 1982 saboda Ikhwan.

Gidan Yahudu ma ba baki ɗaya ba ne. Tiyodo Hazal, uban Sahayoniyanci, wato fafutukar kafa wa Yahudawa ƙasa, ɗan jarida ne a Biyana ta Ostiriya, ibada ba ta dame shi ba. Kishin ƙasa irin na Turai ya kwaso, bayan ganin yadda ake wulaƙanta Yahudawa a can. Babban taron Sahayoniyawa na farko a 1897, a Munik ta Jamus aka so yi. Malaman Yahudun ne suka ƙi, aka kai shi Basel ta Suwizalan. Da yawa daga cikin masu riƙon addininsu sun ɗauki kafa ƙasa kafin zuwan Almasihu a matsayin riga malam masallaci, kuma har yau akwai masu wannan ra'ayi.

Yaƙin 1967 ne ya juya komai. A wajen Larabawa ƙaumiyya ta sha ƙasa, matasa suka koma masallaci neman amsa, har aka haifi Hamas a 1987 daga tsatson Ikhwan. A wajen Yahudawa kuma wasu suka ce nasarar alama ce daga Ubangiji, aka kafa ƙungiyar masu kishin addini ta Gush Emunim a 1974, aka shiga dasa matsugunai a Gaɓar Yamma. Ka duba waɗanda suka kashe masu sulhu. Anwar Sadat, shugaban Masar da ya yi sulhu da Isra'ila, sojojin ƙasarsa Musulmi suka harbe shi ranar 6 ga Oktoba 1981. Ishaƙ Rabin, firaministan Isra'ila, wani Bayahude mai riƙon addini ne ya harbe shi a Tel Abib a 1995 saboda yarjejeniyar Oslo ta sulhu da Falasɗinawa. Kowanne na gida ne ya ci shi.

Ba ina wanke azzalumi ba ne. A 1948 an raba Falasɗinawa sama da 700,000 da gidajensu, jikokinsu suna sansanoni har yanzu. Gona ce, gida ne, rijiya ce, ga kuma Masallacin Ƙudus a tsakiya. Amma in ka ce Musulmi da Yahudu kawai, ina za ka ajiye Shirin Abu Aƙila, 'yar jaridar Aljazira da aka harbe a Jenin a 2022, alhali Kirista ce? Kuma ka miƙa wa masu cewa duk mai kukan Falasɗinu maƙiyin Yahudu ne sandar da za su doke ka da ita.

Sai maganar da ta fi damun Ummanka. Masar ba Kano ba ce. Tun 2013 Ikhwan haramtacciya ce a can, kuma bango yana da kunne. Kada ka yi wannan muhawara a ɗakin kwana ko a gidan shayi, kada ka ƙara rubuta ta da sunanka. Karatu aka tura ka.

In ka samu sarari wata Juma'a, ka je Madinatu Nasar, kusa da jami'arku. Dandalin faretin da aka harbe Sadat yana nan, kabarinsa kuma yana tsallaken titi. Ka tsaya ka duba, ka ɗauko mini hoto in sojojin wurin sun yarda.

Kuɗin wata zai iso maka ranar Litinin. Kilishi da yajin da Ummanka ta haɗa suna wajen abokinka da zai taso mako mai zuwa. Ta ce kada ka rabar duka.

Allah ya yi maka albarka.

Mahaifinka.