Kira ga Kwalejojin Kirista na Kano

Ranka ya daɗe Edita,

Ina roƙon fili in yi kira ga shugabannin kwalejojin Kirista da ke nan Kano kan ƙarfafa fahimtar juna tsakanin ɗalibansu. Tun zuwan sistocin St. Louis (ƙungiyar mata masu hidimar cocin Katolika) Kano a 1948 iyaye Musulmi da dama suke kai 'ya'yansu makarantun mishan, kuma wannan amana ta cancanci a riƙe ta hannu bibbiyu.

A ganina, abin da ya fi muhimmanci shi ne a ware wa ɗalibai Musulmi ɗaki mai tsabta da butoci da tabarmi, a kuma tsara darussan Juma'a yadda ba za su ci karo da salla ba, domin yaron da yake alwala a ɓoye bayan aji ba zai taɓa jin makarantar tasa ce ba. Haka kuma a riƙa gayyatar limami da fasto su zauna tare gaban ɗalibai su amsa tambayoyinsu, irin aikin haɗa kan Musulmi da Kirista da Imam Muhammad Ashafa da Fasto James Wuye suka faro a Kaduna a 1995. Makarantun Musulmi ma wannan haƙƙi yana kansu game da ɗalibansu Kirista.

Naka mai karatu,
Wani malamin makaranta, Fagge, Kano