Ɗan Tafkin Cikin Gida: Ruwa Mai Rai Daban Yake da Ruwan Kwance

Malam Edita,

Assalamu alaikum. Ina roƙon ka ba ni fili a wannan jarida domin in yi magana a kan wani abu da mutane da yawa ke ɗauka a matsayin ɓata ruwa da ɓata lokaci, wato haƙa ɗan ƙaramin tafki a lambun gida, a dasa tsirran ruwa a cikinsa, a kuma bar ƙananan halittu su zauna. Shekara huɗu ke nan ina kula da irin wannan tafki, wanda faɗinsa bai wuce mita biyu ba, kuma kusan duk baƙon da ya leƙa shi tambayarsa ɗaya ce: shin ba sauro kake kiwo ba? Ba na raina mai wannan tambaya, domin Hukumar Lafiya ta Duniya ta ƙiyasta cewa a shekarar 2023 an samu kamuwa da zazzaɓin cizon sauro har sau miliyan 263, kuma cutar ta kashe mutum kimanin 597,000, mafi yawansu a Afirka. Duk wanda zai ajiye ruwa a buɗe kusa da inda iyalinsa ke kwana, wajibi ne ya iya amsa wannan tambaya da hujja.

Amsar da nake bayarwa ita ce ruwa iri biyu ne. Akwai ruwan da ya kwanta a cikin gwangwani, ko tsohuwar taya, ko ramin da aka ɗebi ƙasa aka bari, wanda babu wata halitta a cikinsa da za ta ci wata. A irin wannan ruwa macen sauro ke zuba ƙwai hankali kwance, kuma a lokacin zafi kwana goma zuwa sha huɗu sun isa ƙwan ya zama tsutsa, tsutsar ta zama sauro mai fiffike, wani lokacin ma ba ya kai haka. Akwai kuma ruwan da ya daɗe, tsirrai suka kafu a cikinsa, 'ya'yan mazari da ƙwarin ruwa masu farauta suka cika shi. Yawancin tsutsar sauro dole ta riƙa tasowa saman ruwa tana shaƙar iska, kuma a tafki mai rai kowace tasowa kasada ce a gare ta. Ban ce mafarautan nan suna gamawa da ita ƙaf ba. Saboda haka ne duk mako nake ɗaukar farin kofi in ɗebi ruwa daga gefe-gefe, musamman inda ciyawa ta taɓa ruwan, in duba da kyau. Idan na ga ƙananan abubuwa masu lanƙwasa jiki suna nutsewa da zarar inuwata ta faɗa kansu, na san akwai aiki. Maganin da nake sawa shi ne wanda ake kira Bti, wanda ake samu daga wata ƙwayar halitta ta cikin ƙasa da aka gano a 1976. Yana kashe tsutsar sauro ba tare da ya taɓa kifi ko kwaɗo ko tsuntsu ba. Ɗan injin da ke motsa saman ruwa shi ma yana taimakawa, domin sauro ya fi son ruwan da ba ya motsi. Wanda ya san ba zai iya wannan dubawa ta mako-mako ba, shawarata gare shi ita ce kada ya haƙa tafkin tun farko.

Game da ginin kansa ba zan tsawaita ba. A zaɓi wurin da rana ke samu kamar awa shida a yini, nesa da ƙarƙashin itacen da ke zubar da ganye. Tsakiyar ta kai zurfin santimita 60, domin ruwa marar zurfi yana saurin ɗumama, kuma ruwa mai ɗumi ba ya riƙe iskar oksijin kamar mai sanyi. A shimfiɗa yashi, a ɗora leda mai kauri, ko a yi daɓen siminti. Idan siminti ne, a cika a zubar sau da dama kafin a sa wani abu mai rai, saboda sabon siminti yana sakin sinadarin da ke ƙona fatar kifi da kwaɗo. Ruwan sama ya fi kowane ruwa dacewa. Idan na famfo ne, a bar shi ya kwana biyu a buɗe, domin kulorin, wato sinadarin da ake tsabtace ruwan famfo da shi, ya ragu. Abu ɗaya da nake so in jaddada shi ne gefe guda ya zama gangare mai sauƙi, a jera masa tsakuwa da duwatsu. Na taɓa tarar da bushiya da safe a cikin tafkin maƙwabcina mai miƙaƙƙen bango, ta faɗa da dare garin shan ruwa ta kasa fita. Gangaren da bai kai tsawon hannu ba da ya cece ta. A kan wannan gangare ne kurciya ke tsayawa ta tsoma baki, tsada su yi wanka, ƙudan zuma kuma su sauka a kan jiƙaƙƙen dutse su sha ba tare da sun nutse ba.

Tsirrai su ne ƙashin bayan tafki, kuma a nan ne na yi kuskurena na farko. Da na gama gini sai na cika tukwanen shuka da ƙasa mai taki, kamar yadda ake yi wa kowace shuka, ina ganin gata nake yi musu. Cikin mako biyu ruwan ya koma kore shar, gansakuka ta rufe komai, har ba a ganin dutsen da ke zurfin tafin hannu kacal a cikin ruwan. Dalilin a bayyane yake ga wanda ya sani: takin da ya narke cikin ruwa abinci ne ga gansakuka, ita kuma ta fi kowane tsiro saurin cin gajiyarsa. Na zubar da ruwan na sake sabo, ta dawo. Sai da na sake dashen a cikin yumɓu mai nauyi marar taki, na rufe saman tukwanen da tsakuwa, na kuma haƙura na bar tsirran suka girma suka ƙwace mata abinci da haske, sannan ruwan ya washe da kansa. Tun daga nan ba na barin ruwan da ya bi ta kan gadajen kayan lambu ya gangara cikin tafkin, kuma ina tsame busassun ganye kafin su ruɓe.

A cikin tsirran, bado ne sarki a wurina. Saiwarsa na can ƙasa cikin tukunya, ganyensa kuwa shimfiɗe a saman ruwa kamar faifai, yana tare rana, yana rage zafi da ƙafewar ruwa, yana kuma ba ƙananan halittu mafaka daga idon tsuntsu. Farin irin da nake da shi da dare yake buɗe fure, ya rufe kafin rana ta take, don haka wanda bai fito da sassafe ba sai dai a ba shi labari. Ƙa'idar da masu wannan harka ke bi ita ce ganye ya rufe rabi zuwa kashi biyu cikin uku na saman ruwan, a bar sauran a buɗe domin iska da haske su shiga. Bayan bado akwai tsirran da ke rayuwa a nutse gaba ɗaya, masu siraran ganye kamar gashi, waɗanda da rana za ka ga ƙananan kumfa na fita daga jikinsu. Oksijin ne suke saki. Ya kamata a sani cewa da dare aikin yana juyawa, tsirran su ma shaƙa suke yi, shi ya sa idan an cunkushe tafki da tsiro da kifi, da asuba ake ganin kifi a sama yana haki. A bakin ruwa kuma sai a dasa masu tsayin kara, amma a cikin tukunya, domin irin su kacala idan aka sake su a ƙasa, cikin ɗan lokaci za su mamaye wurin baki ɗaya.

Kainuwa kuwa tana buƙatar magana ta musamman. Ana cewa kainuwa dashen Allah, saboda ba ta jiran kowa ya dasa ta, kuma wannan halin nata shi ne haɗarinta a ƙaramin wuri. Tana da kyau, tana tsotse takin da ya yi yawa a ruwa, amma tana yaɗuwa har ta toshe haske ga duk abin da ke ƙarƙashinta. Akwai kuma wani nau'in sauro da ake kira Mansoniya wanda tsutsarsa ke maƙale wa saiwar kainuwa tana zuƙar iska daga jikin tsiron, ba ta buƙatar tasowa sama, saboda haka farin kofin nan ba zai nuna ta ba sai an ɗaga tsiron an girgiza saiwar a cikin kwano. Ni dai na rage tawa zuwa 'yan ƙalilan, ina kwashe ƙarin duk mako. Wadda ta fi ta haɗari ita ce wata mai shawagi, mai kumburarren kara da fure ruwan shuni, wadda asalinta daga Kudancin Amurka ne. Saboda kyan furenta aka riƙa kai ta ƙasashe a matsayin ado, sai ga shi a shekarun 1990 ta rufe manyan sassa na Tafkin Biktoriya da ke Gabashin Afirka, ta hana jiragen ruwa da masunta wucewa. A yanayi mai kyau tana iya ninka kanta cikin mako biyu. Duk tsiron da aka cire daga tafkin gida, a shanya shi a rana ya bushe ƙayau, kada a jefa shi a kwata ko rafi da sunan zubar da shara.

Su kuwa halittun, ba sai an je an kamo su ba. Ban taɓa ɗauko kwaɗo ko mazari daga wani wuri ba, su suka zo da kansu, kuma haka ya fi, domin ɗebo ruwa ko laka daga wani tafki kan zo da cuta da baƙin da ba a gayyata ba. Wata safiya na ga wani ƙwaro mai launin ƙasa, marar kyan gani, ya hau karan ciyawa ya fito daga ruwa ya tsaya cak. Ina kallo bayansa ya tsage, mazari ya zaro kansa a hankali, fukafukansa a yamutse kamar jiƙaƙƙen tsumma, suka riƙa miƙewa har suka zama garau. Ya fi awa guda kafin ya tashi, ya bar fankon jikinsa maƙale a karan. Wannan halitta ta shafe watanni a ƙarƙashin ruwa tana cin tsutsar sauro, yanzu kuma za ta ci gaba da kama manyansu a sama. Kwaɗi ma haka suke yi da dare a cikin lambu, suna rage ƙwarin da ke cin shuka. Fatarsu tana tsotsar duk abin da ta taɓa, shi ya sa feshin maganin ƙwari a kusa da tafki yake kashe su tun kafin a lura. Binciken da aka fitar a 2023 ya nuna cewa kimanin kashi 41 cikin 100 na nau'o'in kwaɗi da danginsu a duniya suna fuskantar barazanar ɓacewa, kuma rahoton da aka wallafa ƙarƙashin Yarjejeniyar Ramsar, wadda ƙasashe suka ƙulla domin kare fadamu da dausayi, ya ce tsakanin 1970 da 2015 duniya ta rasa kusan kashi 35 cikin 100 na fadamu da dausayinta. Tafki mai mita biyu ba zai maye gurbin fadama ba, amma ga kwaɗin da aka cike wa kududdufi aka yi gini a kai, wurin zuba ƙwai ne.

Batun kifi ra'ayi ya bambanta, nawa kuma shi ne mutum ya zaɓi abin da yake so tun farko. Kifi yana cin tsutsar sauro, amma yana cin ƙwan kwaɗo da 'ya'yan mazari ma. Tarwaɗa a ƙaramin tafki ba ta barin komai, kuma tana dama laka. Idan za a sa, a sa ƙanana kaɗan daga irin da ke cikin ruwayen yankin, a rage ba su abinci. A guji ɗan kifin nan na Arewacin Amurka da ake kira gambusiya, wanda aka baza a ƙasashe da dama domin yaƙi da sauro, daga baya ya shiga jerin baƙin halittu 100 da suka fi yin ɓarna a duniya. Ba zan ɓoye cewa inda kwaɗi suka taru maciji na iya biyo su ba, don haka a riƙa yanke ciyawar da ke kan hanyar zuwa tafkin, kada a tara itace ko bulo a kusa.

Abu biyu ne suka rage, kuma su suka fi komai muhimmanci. Na farko shi ne ƙananan yara. Yaron da ya fara tafiya yana iya nutsewa a ruwan da bai kai gwiwarsa ba, cikin 'yan mintuna, ba tare da ya yi ƙara ba. Gidan da ke da yara, ko wanda yara ke shigowa, sai an kewaye tafkin da shinge mai ƙofa, ko a shimfiɗa ragar ƙarfe mai ɗaukar nauyin mutum a samansa, ko kuma a jinkirta ginin har su girma. Na biyu shi ne tsargiya. Wasu ƙananan dodon koɗi na ruwa ne ke ɗaukar tsutsar wannan cuta, amma sai fitsari ko bahayar mai ɗauke da ita ya shiga ruwan sannan zagayen ke ƙulluwa. Saboda haka tafkin gida ba wurin wanka ba ne, ba wurin wasan yara ba ne, kuma duk tsiron da aka kawo daga waje a wanke shi, a bincika ƙarƙashin ganyensa kafin a sa.

Roƙona ga masu sayar da tsirrai shi ne su riƙa gaya wa mai saye gaskiyar halin abin da yake ɗauka, musamman masu shawagin nan. Ga jami'an duba-gari kuma, idan suka tarar da irin wannan tafki a gida, su ɗebi ruwan su duba. Wanda aka samu da tsutsa a tilasta wa mai shi ya gyara ko ya cike, wanda aka samu da tsabta a bar shi. Kai kuma Malam Edita, zan yi farin ciki idan jaridarka ta gayyato masana ƙwari da masana tsirran ruwa su yi wa masu karatu bayani a kan nau'o'in da suka dace a dasa da waɗanda ya kamata a hana sayarwa.

Na gode da wannan fili. Wassalam.

Naka,
Mai karatu, kuma mai kula da ɗan tafki a gida