Sanarwa ga masu son fara gudu don rage ƙiba

Assalamu alaikum ƴan'uwa. Waɗanda ba su taɓa gudu ba, ga yadda za a fara.

A fita bayan sallar Asuba, sau uku a mako, ana barin kwana ɗaya tsakani don jiki ya huta. Zafin garin Garwa na Kamaru a Maris da Afrilu yakan wuce digiri 40, kada kowa ya gwada gudun rana. A soma da tafiyar minti 5, sai sassarfa minti 1, tafiya minti 2, a maimaita sau 8. In mutum ya kasa magana yana gudu, saurin ya yi yawa. Mai gaggawa kuwa ƙwauri da gwiwa ne ke fara ciwo, musamman in da silifas yake gudu a kan kwalta. A nemi takalmi mai laushin ƙasa.

Abinci ne babban aikin. Hukumar Lafiya ta Duniya ta ba da shawarar kada sukari ya wuce kimanin giram 50 a rana, wato ƙaramin cokali 12. Kwalbar lemo ɗaya ta cinye fiye da rabinsa, ga shayi, ga zoɓon da ake zuba wa sukari ba awo. Tuwo a koma malmala ɗaya, a yawaita miyar ganye, kifi a gasa maimakon soyawa. Makala, wato fanke, da ƙosai a bar su sai jefi-jefi.

Ragin rabin kilo zuwa kilo ɗaya a mako ya wadatar. Masu hawan jini ko ciwon suga su ga likita tukuna. Wanda ya ji jiri ko ciwon ƙirji ya tsaya nan take.