Wasiƙa Daga Gashuwa: Maganar Sanatanmu

Assalamu alaikum wa rahmatullah.

Bayan gaisuwa mai yawa da fatan alheri, ina fata kana lafiya, kai da Hajiya da yara. Mu nan sai godiyar Allah. Zafi ya kankama, kogi ya ja baya, masunta sun fara kukan kifi ya yi wuya. Inna tana gaishe ka, ta ce tun da ka tafi Jidda ka manta da miyar kuka, ni kuwa na ce mata wanda yake kusa da Ka'aba ba ya rasa abin da zai mantar da shi.

Saƙonka na murya ya iso ranar Juma'a. Na saurare shi sau biyu, musamman inda ka ce, "Wai har yanzu mutumin nan yana majalisa?" Na yi dariya har yara suka leƙo. E, yana nan, Malam. Sanata Ahmad Lawan yana nan inda ka bar shi. Amma tambayarka ta fi ƙarfin amsar minti biyu a waya, shi ya sa na zauna bayan isha'i na ɗauki biro, kamar zamanin da muke aika wasiƙa ta hannun direban Kano.

Ka tuna 1999? Mu muna samari, an dawo mulkin farar hula, aka ce wani malamin jami'a ɗan garin nan ya fito takarar majalisar wakilai ta Bade da Jakusko a APP. Abin da aka fi sani game da shi a lokacin shi ne karatu. An haife shi a 1959, ya karanta ilimin labarin ƙasa a Jami'ar Maiduguri, ya gama a 1984, ya ƙara digiri na biyu a Zariya, ya je Cranfield a Ingila ya yo digirin digirgir a 1996 kan nazarin ƙasa ta hotunan tauraron ɗan'adam. Ya kuma koyar a Maiduguri shekaru da dama. Kai ne ma ka ce a majalisarmu ta bakin tasha wai mai irin wannan karatu ba zai jure ƙurar siyasa ba, wa'adi ɗaya zai yi ya koma aji. Ga shi yau an haura shekara 25. Yaron da aka raɗa wa suna ranar da aka rantsar da shi ya yi aure, wataƙila har da ɗa a goye.

Wa'adi biyu ya yi a majalisar wakilai, a 2007 ya haura majalisar dattawa a matsayin sanatan Yobe ta Arewa, ƙananan hukumomi shida: Bade, Jakusko, Karasuwa, Machina, Nguru da Yusufari. Abin da mutane suke mantawa shi ne shekara 16 na farko duk a adawa ya yi su. PDP ce ke da Abuja, shi kuwa yana jam'iyyar masara, wato APP da ta koma ANPP. Da yawa daga cikin waɗanda suka shiga tare da shi sun tsallaka inda ake rabon nama, shi bai motsa ba. Gaskiya ne Yobe ma ba ta taɓa faɗawa hannun PDP ba, daga Bukar Abba zuwa marigayi Mamman Ali zuwa Gaidam, don haka zama a gida bai yi masa tsada ba kamar yadda zai yi wa ɗan wata jihar. Duk da haka a can ne ya koyi aikin. Ya daɗe yana shugabantar kwamitin bin diddigin kuɗin gwamnati, kujerar da bisa al'ada ɗan adawa ake ba wa, inda ake kiran manyan ma'aikatu su zo su yi bayanin inda kuɗi suka shige. A wancan zamanin bakinsa yana da kaifi. Riƙe wannan, zan dawo kansa.

Ranar 9 ga Yuni 2015 kana nan ba ka tafi ba, tare muka kalla a shagon mai gyaran rediyo. APC, wadda jam'iyyarsa ta narke a cikinta, ta ci zaɓe, jam'iyya ta tsayar da shi shugabancin majalisar dattawa, kowa a garin nan ya ɗinka sabuwar riga. Sai aka ce sanatocin APC su je Cibiyar Taro ta Ƙasa da Ƙasa su gana da Shugaba Buhari. Suna can suna jira, Bukola Saraki yana zauren majalisa tare da 'yan PDP, sanatoci 57 suka zaɓe shi ba hamayya, Ekweremadu na PDP ya zama mataimaki. Na tuna yadda shagon ya yi tsit, mai shayi ya bar ruwa yana tafasa har ya ƙone. An yi wa namu sakiyar da ba ruwa, kuma abin da ya kai shi wancan ɗakin taron biyayya ce ga jam'iyya.

Da wani ne, da ya yi zuciya ya fice. Shi ya haɗiye, ya zauna. A Janairun 2017 aka sauke Ali Ndume daga shugabancin masu rinjaye aka ba shi. Ranar 11 ga Yuni 2019 ya kayar da Ndumen da ƙuri'a 79 da 28, ya zama shugaban majalisar dattawa ta tara, mutum na uku a jerin manyan ƙasa. Biyayyar da ta kā da shi a 2015 ita ta ɗaga shi a 2019, don fadar shugaban ƙasa ta gaji da rigimar shekara huɗu da Saraki, tana neman wanda za a zauna lafiya da shi.

To, a nan ne ni da kai za mu yi musu, don na san kai "'yan amshin shata" kawai za ka ce ka rufe bakin. Bari in ba shi haƙƙinsa tukuna. Kafin zuwansa kasafin kuɗi sai ya kai tsakiyar shekara ba a sa masa hannu ba, 'yan kwangila na zaune, ma'aikatu na hamma. A zamaninsa aka dawo da shi Janairu zuwa Disamba, na 2020 tun Disambar 2019 aka sa masa hannu. Dokar man fetur da ta yi kusan shekara 20 tana yawo tsakanin majalisu, kowace ta ɗauka ta ajiye, a hannunsu ta fita, Buhari ya sa hannu a Agustan 2021. A ciki har da kason kashi 30 na ribar man NNPC don neman mai a sababbin wurare irin su yankin Tafkin Chadi, abin da 'yan Neja Delta suka yi ta ƙorafi a kai ganin kashi 3 aka ba garuruwansu. Dokar zaɓe ta 2022 ma tasu ce. Kuma ba kullum suke cewa to ba: sun ƙi tabbatar da Lauretta Onochie, hadimar Buhari, a hukumar zaɓe a 2021, sun kuma ƙi buƙatar Buhari ta gyara sashe na 84(12) na dokar zaɓen, wanda ya hana masu riƙe da muƙaman siyasa na naɗi shiga zaɓen fid da gwani.

Amma fa, Malam, bashi. Duk takardar neman rance da ta fito daga fada sai ta wuce kamar an shafa mata mai. Na ƙarshen shi ya fi tsaya mini a rai: naira tiriliyan 22.7 da gwamnati ta riga ta zara daga Babban Banki, suka amince a mayar da shi bashi na dogon zango a watan Mayun 2023, ana saura makonni su tashi. Mutumin da ya yi shekaru yana tsare manyan sakatarori kan rasit, majalisar da yake shugabanta ce ta buga guduma a kan wannan. Ban ce bai san abin da yake yi ba. Matsalar ma ita ce ya sani, fiye da kowa a zauren. Yanzu duk sanda na je awo na ji farashin mudu, sai wannan gudumar ta faɗo mini a rai, ko da yake na san ba ita kaɗai ta kawo mu nan ba.

Sai maganar Machina, wadda na san labarinta ya iso ku a gutsure. A 2022 ya nemi tikitin shugaban ƙasa. Ana jajibirin zaɓen fid da gwani shugaban jam'iyya Abdullahi Adamu ya ce shi ne ɗan takarar maslaha, gwamnonin Arewa suka ce ba da su ba, mulki Kudu zai koma. Aka kaɗa ƙuri'a, Tinubu ya samu 1,271, namu ya zo na huɗu da 152. Kafin nan, ranar 28 ga Mayu, an riga an yi zaɓen fid da gwani na kujerar sanata, Bashir Machina ya ci, jami'an hukumar zaɓe suna wurin. Kowa ya ɗauka riƙon ƙwarya yake yi. Da aka dawo aka ce ya sauka, ya ce shi ba riƙo aka ba shi ba. Jam'iyya ta aika wa hukumar zaɓe sunan Lawan. Babbar Kotun Tarayya a Damaturu ta ba Machina gaskiya, Lawan da kansa ya ce ya karɓi hukuncin, amma jam'iyya ta ɗaukaka ƙara. Kotun ɗaukaka ƙara ta sake ba Machina. Ranar 6 ga Fabrairu 2023 Kotun Ƙoli, alƙalai uku da biyu, ta juya hukuncin. Ba ta ce Machina bai ci zaɓe ba. Cewa ta yi tunda akwai zargin maguɗi a cikin ƙarar, ba ta wannan ƙofar ya kamata a shigar da ita ba.

Ranar nan garin nan ya rabu biyu, har cikin gidaje. Ƙanena ya fita murna da babur, ni na kasa. Dokar da ta ce ba a canza ɗan takara sai in ya mutu ko ya janye da kansa, majalisar da yake shugabanta ce ta rubuta ta, tawadar ko bushewa ba ta gama yi ba.

Kai kana ganin daɗewar ce laifin. Ni ban yarda ba. Majalisar da duk zaɓe ake zubar da yawancin 'ya'yanta, sababbi su zo su yi shekara biyu suna neman ƙofar ofishinsu, ma'aikatan gwamnati wasa suke yi da ita kamar ƙwallo. Ana buƙatar tsohon hannu. Abin da nake tambaya shi ne wa tsohon hannun yake jin tsoro. Na duba tafiyarsa tun daga 2015, duk mararrabar da ya iso, wajen manyan jam'iyya yake waiwaya, kuma su ne suke fid da shi. Mu masu layi a rana muna zuwa ne daga baya mu sa hannu. In ka faɗi haka a bakin kasuwa za a nuna maka tituna da fitilu da yaran da aka sama wa aiki a Abuja, kuma ba ƙarya ba ne, akwai su. Ni ma akwai ɗan 'yar'uwata a ciki, shi ya sa ba a ko'ina nake buɗe baki ba. Sai dai ciwon ƙodar nan da ya addabi garin yana nan yana ɗibar mutane, wata biyu da suka wuce ma mun binne maƙwabcinmu mai faci, wanda yake gyara maka keke.

Yanzu dai Akpabio ne a kan kujerar shugabancin majalisar dattawa tun Yunin 2023, namu ya koma cikin sahu, aka ba shi kwamitin tsaro. In ka gan shi a talabijin yana zaune shiru da hularsa, kamar malamin da ya gama darasi yana jiran a kaɗa ƙararrawa. Masu cewa ya gama ba su san shi ba. Haka suka ce a 2015.

Na san za ka aiko da saƙon murya na minti goma kana ƙaryata ni. Aiko, amma ka bari sai dare, da rana intanet ɗinmu ba ya ɗaukar kaya mai nauyi. In Allah ya kawo ka babbar sallah, ka taho wa Inna da dabinon ajwa da ka yi mata alkawari tun bara, ta ƙirga watannin. Ka sa mu a addu'a in ka shiga Harami.

Ka gaida Hajiya da yara, da duk 'yan gida da ke can.

Wassalam,
Naka, abokinka na bakin tasha.