Zuwa ga Mustafa a Teksas, kan zancen bindiga

Assalamu alaikum wa rahmatullah.

Bayan gaisuwa, da fatan kana lafiya, karatu kuma yana tafiya yadda ake so. Mu nan sai godiyar Allah. Ummanka ce ta matsa mini in rubuto, don tun da ta saurari saƙonka kana cewa abokan karatunka za su kai ka filin koyon harbi ba ta sami sukuni ba. Na zaɓi takarda saboda a waya katse juna muke yi.

Ka ce malaminku ya ba ku muhawara kan ko jiha tana da hurumin taƙaita mallakar bindiga, kai kuma ka ɗauki ɓangaren masu cewa a bar kowa da makaminsa. Ban hana ka ba, amma ka san asalin rigimar kafin ka miƙe gaban mutane. A 1791 Amurkawa suka yi wa tsarin mulkinsu gyara na biyu, jimla ɗaya tak mai gaɓa biyu: ƙasa mai 'yanci tana buƙatar tsararriyar rundunar 'yan ƙasa, kuma kada a tauye wa jama'a haƙƙin ajiye makami da ɗaukarsa. Fiye da shekara 200 ana ja-in-ja, haƙƙin na runduna ne ko na kowane mutum. Sai a 2008 Kotun Ƙoli, alƙalai 5 suka rinjayi 4, ta ce na mutum ne, ta soke dokar birnin Washinton da ta hana ajiye ƙaramar bindiga a gida. A 2010, a shari'ar birnin Shikago, ta ce hukuncin ya hau kan jihohi ma. A 2022 kuma ta rushe dokar New York wadda ta ce sai mutum ya kawo ƙwaƙƙwaran dalili kafin a ba shi izinin yawo da bindiga, ta ƙara da cewa dole dokar makami ta yau ta dace da abin da ƙasar ta saba yi a tarihinta. Wannan ma'auni bai kwanta mini ba. Bindigar 1791 ba ta wuce harba-ka-rugar mafarautanmu ba, a ɗura, a harba sau ɗaya, a sake ɗurawa. Yaya za a auna makamin da ke aman harsashi 30 da dokar wancan zamani? Ka kuma tuna hukuncin 2008 ɗin da kansa ya ce haƙƙin yana da iyaka, abin da masu ɓangarenka ba su cika son faɗa ba.

Jihar da kake ciki tana daga masu sassauci. Tun 2016 mai lasisi yana iya shiga jami'ar gwamnati da ƙaramar bindiga a ɓoye, daga Satumban 2021 kuma wanda ya kai shekara 21 ba ya buƙatar lasisi kafin ya rataya ta ya shiga gari. A Kalifoniya kuwa sai mai saye ya jira kwana 10 kafin a miƙa masa. Za a kawo maka zancen Uvalde, wani gari a jihar da kake, inda a Mayun 2022 wani ɗan shekara 18 ya sayi bindiga bisa ƙa'ida, ya kashe yara 19 da malamai 2 a makarantar firamare, jami'an tsaro kusan 400 suka taru amma aka haura awa guda ba a afka masa ba. Kowane ɓangare ya sami abin kamawa a nan: wasu suka ce ka gani, hukuma ba za ta cece ka ba, wasu suka ce ka gani, ga bindigogi fal a hannun mutanen kirki amma yaran sun mutu. Ni abin da ya fi tsaya mini a rai daban ne. A 2021 mutum sama da 48,000 bindiga ta kashe a Amurka, fiye da rabinsu su ne suka harbe kansu. Ɓacin ran da zai huce kafin asuba, in akwai bindiga a ɗaki, ba ya jiran asubar.

Na ji hujjarka ta gida, cewa da mutanen ƙauyukan Zamfara da Katsina suna da makami da 'yan bindiga ba su mai da su abin da suka mai da su ba. Ba zan raina wannan magana ba. Aminu Bello Masari ya faɗe ta yana gwamna, Bello Matawalle ma a 2022 ya ce mutanensa su nemi lasisi, duk da cewa a dokarmu ta 1959 ba gwamna ke bayarwa ba, ikon na tarayya ne. Manomin da aka kwashe masa shanu, aka ɗauke masa mata, ya kira ba wanda ya zo, ba ni da bakin yi masa wa'azi. Sai dai ka san abin da ya biyo bayan 'yan sa-kai: an yi ta kashe Fulani a kasuwanni ba bincike ba shari'a, ramuwa ta haifi ramuwa, gabar da ke tsakanin Bahaushe da Bafulatani ta ƙara zurfi. Halin da hukuma ta gaza daban, halin unguwar da motar 'yan sanda ke sintiri daban. Kada ka ɗauki kukan Zamfara ka je ka kare dokar Teksas da shi, waɗanda kake gaya wa ma ba su san inda Zamfara take ba.

Duk wannan muhawara ce. Abin da zan faɗa yanzu umarni ne: kada hannunka ya taɓa bindiga a Amurka. Dokar tarayyarsu ta hana wanda ya shiga da bizar karatu riƙe bindiga ko harsashi, komai sassaucin jiharsa, kuma hukuncin yana kaiwa ɗaurin shekara 15. Abokanka za su ce akwai kafa, wai in ka yanki lasisin farauta shi ke nan. Gaskiya ne akwai, amma ban sayar da gona na tura ka farauta ba. Wani ɗalibi daga Haɗaɗɗiyar Daular Larabawa, da jami'arsa a Filorida ta sallame shi izinin zamansa ya faɗi, ya je filin harbi irin wanda ake gayyatarka, aka yanke masa wata 18. Sai da shari'arsa ta kai Kotun Ƙoli a 2019. Mu ba mu da kuɗin lauyan da zai kai mu can.

Sannan kai baƙar fata ne, baƙo, sunanka Mustafa. Philando Castile ɗan ƙasa ne, yana da lasisinsa, a 2016 ɗan sanda ya tsayar da shi a Minesota, ya faɗa da bakinsa cewa yana ɗauke da bindiga, aka harbe shi a cikin motarsa, kotu kuma ta wanke ɗan sandan. Amadou Diallo, ɗan Gini, ko wuƙa ba ya da ita, walat ya zaro a ƙofar gidansa a New York a 1999, 'yan sanda 4 suka sakar masa harsashi 41. Ko Kalifoniyar da ake yabo, ta hana yawo da bindiga mai harsashi a bainar jama'a ne a 1967, bayan da baƙaƙen fata 'yan Black Panther suka fara sintiri da nasu, Ronald Reagan, gwamnan jihar a lokacin, kuma shi ya sa hannu. Wannan ka iya kai shi aji, zai ba ɓangarorin biyu aiki.

In ɗan sanda ya tsayar da kai, hannuwanka su zauna kan sitiyari har sai ya ce ka ɗauko takarda. Kada ka yi cacar baki da direba a hanya, ba ka san abin da ke ƙarƙashin kujerarsa ba. Gidan da aka fito da bindiga ana nunawa, ka yi sallama ka fita, kuma kada in ga hotonka da ita a Facebook ko da wasa. A aji ka sassauta harshe, cikin masu saurarenka akwai wanda ya tashi yana bin kakansa farautar barewa, akwai kuma wanda ya binne ɗan'uwansa.

In ka rubuta jawabin naka ka turo mini in duba kafin ranar. Ka kira Ummanka Juma'ar nan ka gaya mata da bakinka cewa ka fasa zuwa filin. Ƙannenka suna gaishe ka, Hajiya ma tana ta sa maka albarka. Allah ya tsare, ya yi maka albarka.

Mahaifinka.