A bar ɗalibai su rubuta abin da ke damunsu a jaridar makaranta

Ranka ya daɗe Edita,

Ina roƙon ɗan fili in yi magana a kan jaridar ɗalibai a makarantun Katolika na Jos. Ni Musulmi ne, mazaunin Unguwar Rogo, kuma da gangan na kai 'yata ɗaya daga cikin makarantun nan. Tun rikicin Satumba 2001, da na 2008 da 2010, kowa ya kwashe kayansa ya koma unguwar 'yan addininsa. Yau yaron Gangare sai ya girma bai taɓa shan ruwa a wani gida a Kabong ba. Aji ne ya rage inda 'ya'yanmu ke zama benci ɗaya.

Jaridar tasu shafi huɗu ce kacal, sau ɗaya a zango. A 2025 mun ɗauki azumi ranar 1 ga Maris, su kuma Katolika suka shiga nasu na kwana 40 ranar 5 ga wata. Sai 'yata da ƙawarta 'yar Birom suka haɗu suka yi rubutu ɗaya. Ita ta yi bayanin sahur da buɗa-baki, ƙawar ta yi bayanin tokar da ake shafa musu a goshi don tuna cewa daga ƙasa mutum ya fito kuma can zai koma, da barin cin nama ranar Juma'a. Na haura shekara hamsin a garin nan ina ganin tokar, wallahi sai ranar na san ma'anarta.

Zangon da ya biyo baya famfon burtsatse ya lalace. 'Yan kwana na fita da bokiti tun da asuba cikin sanyin Jos, suna makara a aji. Yaran suka rubuta, har suka nemi jin ta bakin mai kula da ɗakunan kwana. Malamin da ke duba jaridar ya cire labarin, wai zai ɓata sunan makaranta, aka cike gurbin da jawabin shugabar makaranta. 'Yata ta dawo ta ce ta daina rubutu. Wannan ne ya hana ni barci.

Ban ce a sake yara babu linzami ba. Malami ya tambaya: gaskiya ne? An ji kowane ɓangare? Akwai cin mutunci? In rubutu ya tsallake waɗannan, a buga. Cocin Katolika da kansa, a babban taron Batikan na biyu a 1963, ya fitar da takarda a kan kafofin sadarwa, inda ya amince jama'a na da haƙƙin sanin abin da ya shafe su, muddin gaskiya ne kuma an kiyaye mutunci. Ruwan wanka kuwa ya shafi yaran nan fiye da kowa.

Roƙona na biyu, a ware shafi ɗaya na Hausa. Jaridar farko a ƙasar nan, Iwe Irohin, ɗan mishan ne ya kafa ta a Abeokuta a 1859, da Yarbanci. A Filato da Hausa ake ciniki a kasuwar Taminus, da ita ake wa'azi a coci-coci da yawa, kuma ita kakar yarinya za ta fahimta in aka karanta mata.

Ga Fada-fada (limaman Katolika) da Sistocin da ke riƙe da makarantun nan: labarin burtsatsen yana nan cikin littafin 'yata. In za a buga shi, ni zan sayi takardar wannan fitowar.

Naka,
Wani mahaifi daga Unguwar Rogo, Jos