Buɗaɗɗiyar Wasiƙa Zuwa Ga Gwamna Uba Sani Kan Ladabtarwa A Manyan Makarantunmu

Mai girma Gwamna,

Assalamu alaikum. Bayan gaisuwa da fatan alheri, ragin kuɗin makaranta da ka yi a 2023 ya mayar da yara da dama aji, kuma iyaye ba su manta ba. Sai dai akwai wata ƙofa da yaro kan fice ta cikinta ba takarda a hannu, kuma ba rashin kuɗi ke fitar da shi ba: ƙofar kwamitin ladabtarwa. A kanta nake son in ja hankalinka, tunda Jami'ar Jihar Kaduna da aka kafa a 2004, da Kwalejin Nuhu Bamalli ta Zariya, da Kwalejin Ilimi ta Gidan Waya duk a hannunka suke.

Ba ceton masu laifi na zo yi ba. Wanda aka kama da satar jarrabawa a hukunta shi, dokar tarayya ta 1999 ma ta mayar da abin laifin da kotu ke iya ɗaure mutum a kai. Ɗan ƙungiyar asiri a kore shi. Malamin da ya sayar da maki, ko ya matsa wa ɗaliba, a raba shi da alli. Maganata a kan hanyar da ake bi kafin a kai ga hukuncin take.

Na san wani yaro a unguwarmu, a wata makaranta da ba zan ambata ba. Da safe aka kira shi a waya cewa ana nemansa ƙarfe goma. Ya shiga ya tarar da dogon tebur, manya a zaune, shi kaɗai a tsaye. Ba a ba shi tuhuma a rubuce ba, ba a nuna masa 'yar takardar da aka ce an tsinta ƙarƙashin bencinsa ba, wanda ya tsare jarrabawar kuma yana cikin masu yi masa tambaya. Aka miƙa masa biro aka ce ya rubuta ya nemi afuwa, abin zai zo da sauƙi. Ya rubuta. Da wannan rubutun aka kore shi, kuma a allon sanarwa ya fara ganin sunansa. Ko ya yi satar ko bai yi ba, Allah ne masani, amma ta wannan hanya kwamitin ma ba zai iya rantsuwa ya sani ba.

Ranka ya daɗe, doka ta daɗe da yin magana a nan. Sashe na 36 na Kundin Tsarin Mulkin 1999 ya ba kowa haƙƙin a saurare shi cikin adalci. Bayan tarzomar ɗalibai a Jami'ar Maiduguri a 1983, an kori wasu, suka kai ƙara har Kotun Ƙoli, a shari'ar da aka fi sani da sunan Garba. A 1986 kotun ta soke korar. Mataimakin shugaban jami'ar da ya jagoranci binciken yana cikin waɗanda tarzomar ta yi wa ɓarna, wato mai ƙara ne ya zauna a kujerar alƙali, sannan laifuka irin ƙone-ƙone da kwasar kaya hurumin kotu ne. Kotu ba ta ɗaure wa makarantu hannu ba. A shari'ar Esiaga da Jami'ar Kalaba a 2004, ta amince jami'a na iya dakatar da ɗalibi yayin da ake bincike.

Ɓangaren malamai ya fi ban takaici, domin a nan ne gaggawa ke komawa ta taimaki mai laifi. Tun shari'ar Olaniyan da Jami'ar Legas a 1985 aka tabbatar cewa wanda doka ta tsara yadda za a sallame shi, ba a sallamarsa sai an bi matakan ɗaya bayan ɗaya. To a ce malami ya yi abin kunya, labari ya bazu a Facebook, hukumar makaranta ta ji zafi ta kore shi cikin mako guda ba tare da bin ƙa'ida ba. Yana da ƙungiya, yana da lauya. Sai ya nufi Kotun Ma'aikata, wadda ke da reshe a nan Kaduna, bayan 'yan shekaru a ce a mayar da shi a biya shi albashinsa na baya. Yarinyar da ta yi ƙarfin halin tona shi ita ce za ta riƙa sunkuyar da kai in sun haɗu. Ɗalibin da aka kora bisa kuskure kuwa, ubansa mai facin taya ne ko ƙaramin ma'aikaci, kafin ya gama bin malaman unguwa su roƙa masa, dokar kare jami'an gwamnati mai wa'adin wata 3 na iya rufe masa ƙofar ƙara.

Ita kuma ɗalibar, da me za ta kai kuka? Wanda za ta kai ƙara shi ke riƙe da takardar jarrabawarta, wataƙila shi ke duba kundin kammala karatunta, shugaban sashen kuma abokin shan shayinsa ne. Tana buɗe baki za a ce mata idan ɓera da sata, daddawa ma da wari. Shi ya sa yawanci sukan haɗiye, su sake kwas ɗin shekara mai zuwa. A 2018 kotun tarayya da ke Osogbo ta ɗaure wani farfesan Jami'ar Obafemi Awolowo shekara 2 kan neman ɗaliba da maki, amma sai da muryarsa da aka naɗa ta karaɗe ƙasa. Ba kowace yarinya ce za ta iya naɗar murya ba, kuma bai kamata sai ta zama 'yar sandan ciki kafin a saurare ta ba.

Abin da nake roƙo bai kai kuɗin gina aji ɗaya ba. Ka umarci majalisun gudanarwar makarantun jiha su fitar da ƙa'ida ɗaya a rubuce, da Turanci da Hausa, a damƙa wa kowane ɗalibi ranar rantsuwar shiga, iyaye ma su samu. Duk wanda ake tuhuma, ɗalibi ko malami, a ba shi tuhumar a takarda da kwanakin da zai shirya, ya ga hujjar, ya yi wa mai shaida tambaya, ya shigo da wanda zai tsaya masa. Mai hannu a rigimar kada ya zauna a kwamiti. Hukunci ya fito da dalilansa a rubuce, tare da bayanin inda za a ɗaukaka ƙara da wa'adinta. Dakatarwa ma a sa mata iyaka, don akwai wanda "ana bincike" kan cinye masa shekara biyu.

Na fi matsawa a kan abu biyu. Daga ranar da ɗaliba ta shigar da ƙorafi, a cire takardunta daga hannun malamin, wani daga wajen sashen ya duba su. Sannan a daina barin wanda ake bincike ya ajiye aiki a ɓoye ya koma wata makaranta da takardar yabo. A kammala binciken ko ya tafi, abin da ya shafi laifi kuma a miƙa wa Ma'aikatar Shari'a, tunda jiharmu na da dokar hana cin zarafin jama'a tun 2018.

Lauyoyin FIDA, wato ƙungiyar mata lauyoyi, da na ƙungiyar lauyoyi reshen Kaduna suna nan kusa, ga Hukumar Kare Haƙƙin Ɗan Adam. A gayyace su su duba daftarin, a kuma zaunar da wakilan ɗalibai da na malamai kafin a sa hannu. Ina fata a fara aiki da ƙa'idar kafin a rantsar da sababbin ɗalibai na zango mai zuwa.

Allah ya yi maka jagora.

Wassalam,
Wani uba mai 'ya'ya a manyan makarantu,
Tudun Wada, Kaduna.